Kumburin ciki mai kama da toshewar hanji bayan aikin haihuwa: nazarin lamarin wata mai jego a Agege

Kafin ciwon ya fara

Matar tana da shekara 34. Wannan ce haihuwarta ta huɗu, kuma karo na biyu da aka yi mata aiki aka ciro jariri. Tana zaune a Agege da mijinta, mahauci ne a kwatar Oko-Oba. Ba ta da ciwon suga, ba ta da asma, ba a taɓa yi mata aikin hanji ba.

Hawan jinin masu ciki ne ya kai ta ɗakin tiyata. A mako na 37 jininta ya kai 170/110, ga furotin a fitsari, ga ciwon kai da gani dishi-dishi. A wani ƙaramin asibitin kuɗi kusa da gida aka fara yi mata allurar maganiziyam salfet don kada jijjiga ta kama ta, aka yi mata allurar baya mai kashe rabin jiki, aka ciro ɗa namiji mai kilo 2.9. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Bayan an fito da ita aka ɗora ta a kan allurar fentazosin, miligiram 30 duk awa 6 saboda zafin ɗinki, da ƙwayar nifedifin saboda hawan jini. Duka ukun, maganiziyam da fentazosin da nifedifin, suna rage motsin hanji.

Rana ta 2 da ta 3 bayan aiki

Da yammacin rana ta 2 ta ce cikinta ya cika kamar an hura shi. Ta ɗan sha shayi da kunu da safe, ba ta yi amai ba, jikinta ba zafi. Da aka ɗora abin saurare a cikin, hanji yana ƙugi. Aka ce mata iska ce irin wadda kan taru bayan aiki, ta riƙa tashi tana zagaya ɗaki.

A rana ta 3 cikin ya fi na jiya, ya yi tauri ta sama, in an ƙwanƙwasa sai ya yi amo kamar ganga. Nas ta tambaye ta ko ta yi bayan gida, wani ɗan mijin yana fassarawa, uwar miji na zaune a gefen gado. Ta ce ta yi. Abin da ya fita ɗan ruwa ne da bai cika cokali uku ba, kuma tun daren jiya ba ta fitar da iska ba, amma ba ta iya faɗar haka a gaban surukarta ba. Aka rubuta a kati cewa ciki ya buɗe.

Da murɗa ta dame ta aka yi mata allurar Buscopan sau biyu, aka ba ta laktulos, maganin saukar da bayan gida, mililita 15 safe da yamma. Da dare Hajiya, surukarta, ta kawo jiƙon filasko a filas, ta ce, "Daure ki shanye, 'yar nan, shi zai kore miki dattin cikin." Ta sha rabin kofi. Kafin asuba ta yi amai sau uku, numfashinta ya fara yin sama-sama saboda cikin ya tokare ƙirji. Da gari ya waye aka rubuta musu takardar zuwa babban asibiti, an sa a ciki cewa ana zargin toshewar hanji kuma wataƙila sai an sake buɗe ta.

Rana ta 4: abin da hoto ya nuna

Sun isa bayan awa biyu a cunkoson hanya. Zafin jiki 37.2, bugun zuciya 104 a minti, jini 150/95. An auna faɗin cikin da tef daidai cibiya, santimita 106, aka yi alama da biro a fata domin duk mai sake aunawa ya ɗora tef a wuri ɗaya. Ciki a kumbure yake ko'ina, da ɗan zafi a ƙasan dama in an danna, amma ba ta zabura in an ɗage hannu, kuma naman cikin bai sandare ba. Ɗinki lafiya, mahaifa ta koma yadda ya kamata, dubura ba komai a ciki.

Gwajin jini ya nuna fotasiyam, sinadarin da naman hanji ke buƙata don motsi, ya sauka 2.9, alhali daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0. Ƙoda lafiya, jini bai ragu ba, laktet, sinadarin da kan hau in hanji ya rasa jini, bai hau ba.

Hoton eksire ya nuna babban hanji cike da iska. Ma'aunin da ake bi mai sauƙin riƙewa ne: ƙaramin hanji kada ya wuce santimita 3, babban hanji 6, sikam kuwa 9. Sikam ita ce jakar da babban hanji ya faro da ita a ƙasan ciki ta dama, inda ƙaramin hanji ke zubawa. Tata ta kai 10.5. Akwai kuma 'yar iska a ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki. A wajen wanda ba a yi wa aiki ba, wannan alamar hujewar hanji ce. A wajen wadda aka buɗe cikinta kwana huɗu da suka wuce, tana iya zama ragowar iskar da ta shiga lokacin aikin, don haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai ba.

Abubuwan da ya wajaba a kore su ne murɗewar sikam, zaren tabon aikin baya da ya shaƙe hanji, rauni a hanji ko mafitsara lokacin aiki, jini da ke taruwa a ciki, da auduga da aka manta. Sitisikan, wato hoton na'ura mai nuna ciki dalla-dalla, da aka ɗauka da ruwan rini ya kore su duka. Babban hanji ya buɗe tun daga sikam har kusurwar da ke kusa da saifa a sama ta hagu, daga nan ya tsuke a hankali, ba ƙari, ba murɗa, ba abin da ya tare hanya. Ƙaramin hanji kusan lafiya yake, wanda ya bambanta lamarin da kasalar hanji ta bayan aiki, inda ƙarami da babba ke kumbura tare. Bangon hanjin yana samun jini.

Sunan wannan ciwon Ogilvie, daga wani likitan tiyata na Ingila, Heneage Ogilvie, da ya bayyana shi a 1948 a jikin marasa lafiya biyu da suka zo da dukkan alamun toshewa, aka buɗe su ba a tarar da abin da ya toshe ba sai ciwon daji da ya ci jijiyoyin bayan ciki. Hanji ba ya motsi da kansa kawai. Akwai jijiyoyin da ke ce masa matsa, akwai masu ce masa tsaya. Masu sa ɓangaren hagu ya matsa suna fitowa ne daga ƙasan ƙashin baya, su bi ta ƙugu kusa da mahaifa. In aka taɓa su, ko magani da ƙarancin sinadaran jini suka danne su, sai ɓangaren hagu ya kwanta, iska ta taru a bayansa kamar an ɗaure bakin buhu. Aikin haihuwa na cikin sanannun abubuwan da ke jawo shi, tare da karayar ƙugu, aikin ƙashi, ciwon zuciya da doguwar kwanciyar tsofaffi.

Mijin ya tsaya kan a buɗe ta. "Likita, in abu ya toshe ai cirewa ake yi." Likitan tiyata ya sa aka kira wata nas 'yar Zariya ta fassara, ya tambaye shi, "Malam, in kuna wanke hanjin saniya kuka cika shi da ruwa, ina ya fi saurin fashewa?" Ya ce wurin da ya fi faɗi, can jakar, don fatarsa ta fi sirantaka. Haka abin yake a jikin mutum: iya faɗin bututu iya yadda bangonsa ke miƙewa a ƙarƙashin matsi ɗaya, shi ya sa sikam ce ke fara rasa jini ta huje. Haɗarin yana ƙaruwa sosai in ta wuce santimita 12, ko kumburin ya haura kwana 6. Aka gaya masa ba abin da wuƙa za ta ciro, kuma sake buɗe ciki kan ƙara wa hanji kasala, amma in wata alama ta nuna hujewa, ko tsakar dare ne za a shiga da ita.

Rana ta 4 zuwa ta 6: hutar da hanji

Aka hana ta ci da sha. Aka zura robar hanci zuwa tumbi, ta fitar da ruwa mililita 400 da iska, amai ya tsaya. Robar ba ta kai wa ga babban hanji, amfaninta ta hana sabuwar iskar da ake haɗiya ta ƙaru a kan ta da.

Aka sa ƙarin ruwa lita 3 a yini. Fotasiyam a cikin ledar ruwa aka zuba shi, milimol 40 a lita ɗaya, yana ɗiga ba fiye da milimol 10 a awa ba, domin in aka tura shi kai tsaye a jijiya yana tsayar da zuciya. A nan aka samu wani ruɗani. Da dangi suka ji an ce fotasiyam ya yi ƙasa, sai wata ƙanwar miji ta dama kunun kanwa ta kawo, tunda a kasuwannin Legas fotash ake ce wa kanwa da Turanci. Kanwa yawancinta sodiyam ce, ba za ta gyara fotasiyam ba, kuma ga mai jegon da jininta ke sama tana ƙara tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya. Aka mayar da kunun gida.

Aka dakatar da fentazosin, aka koma farasitamol ta jijiya, giram 1 duk awa 6. Aka dakatar da Buscopan, domin aikinsa shi ne sassauta naman hanji, wato ainihin abin da ke damunta. Aka dakatar da laktulos, domin ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a babban hanji ne ke cinye shi su fitar da iska, ga hanjin da ba ya iya fitarwa. Aka cire nifedifin aka sa enalafiril. Ba a zaɓi labetalol ba saboda yana rage bugun zuciya, kuma an san mai yiwuwa a buƙaci allurar da ita ma ke rage shi.

Ana juya ta hagu da dama duk awa, tana tashi ta taka da taimako. An zura robar fitar da iska ta dubura, 'yar kaɗan ta fita sai ta tsaya, don robar ba ta wuce ƙarshen hanji kuma iskar na can nesa ta dama. Ana tatsar nono a kai wa jariri.

Ana sake hoto kowace safiya, ana duba ciki duk awa 4. Rana ta 5: sikam 10.5, faɗin ciki 106, fotasiyam 3.3. Rana ta 6: sikam 11.5, faɗin ciki 109, fotasiyam 3.8, zafin ƙasan dama ya ɗan ƙaru, zafin jiki 37.4. Awa 48 sun cika, sinadaran jini sun daidaita, hanji bai farka ba.

Rana ta 6: allurar niyostigmin

Niyostigmin ba baƙon magani ba ne. Yana nan a kusan kowane ɗakin tiyata, masu sa barci na amfani da shi su farkar da naman jikin da suka kwantar. Yana hana jiki saurin rusa asetilkolin, sinadarin da jijiya ke fitarwa ta sa hanji ya matsa. A 1999 wani gwaji a Amurka ya ba mutum 11 masu wannan ciwon allurar, 10 cikinsu ya saki nan take, a cikin 10 da aka yi wa allurar ruwan gishiri kuwa ba ko ɗaya.

Kafin a yi sai an tabbatar da abubuwa biyar: ba toshewar gaske, ba alamar hujewa ko mutuwar bangon hanji, bugun zuciya bai yi ƙasa ba, ba asma mai tashi ko ciwon zuciya na kwanan nan, ƙoda na aiki. In akwai toshewar gaske aka tilasta wa hanji matsawa, ana iya fasa shi, shi ya sa ba a yin allurar sai da hoton da ya nuna hanya a buɗe take.

Aka kai ta ɗakin farfaɗowa, aka kwantar da ita rigingine a kan fo, aka maƙala na'urar bibiyar zuciya, aka zuƙe atirofin, maganin ɗaga bugun zuciya in ya sauka, a sirinji aka ajiye a gefe. Kwalbar miligiram 2.5 ce, aka ɗebi 2 aka sirka, aka tura a jijiya sannu a hankali cikin minti 5. Bugun zuciya 92 ne da aka fara. A minti na 3 miyau ya cika mata baki, gumi ya karyo, ciki ya murɗa har ta damƙe hannun nas. A minti na 6 iska ta fara fita da ƙara, a jere, sai bayan gida mai ruwa ya biyo. Ana kallo cikin ya riƙa saɓa. A minti na 9 bugun zuciya ya sauka 46, ta ce jiri take ji. Aka yi atirofin miligiram 0.6, cikin minti biyu ya koma 78. Aka bar ta a kan na'ura awa ɗaya, likita na tsaye rabin awar farko.

Hoton bayan awa 3 ya nuna sikam 7. Faɗin ciki 97.

Rana ta 7 da ta 8: ciwon ya dawo

Ranar suna ta kama. Dangi sun nemi a sallame ta tunda ciki ya sauka, aka ƙi, aka raɗa wa yaro suna a gida ba ita. An cire robar hanci da safe, aka ce ruwa da shayi kawai. Da yamma 'yan barka suka cika ɗaki da kuloli, ta ci tuwon shinkafa da farfesun kayan ciki. Ba a maimaita gwajin fotasiyam ba ran nan, ga shi ta yi bayan gida mai ruwa sau biyar tun bayan allurar.

Da safiyar rana ta 8 faɗin ciki ya koma 103, sikam 9.5, fotasiyam 3.1. Dawowar ciwon bayan allurar farko abu ne sananne, domin aikin maganin awa ɗaya zuwa biyu ne, in abin da ya kwantar da hanjin bai kau ba sai ya sake kwanciya. Aka sake hana ci, aka gyara fotasiyam zuwa 3.9, da la'asar aka maimaita miligiram 2 da irin shirin farko. Iska ta fita a minti na 4, bugun zuciya bai sauka ƙasa da 60 ba.

An riga an yi magana da mai na'urar leƙa hanji ta dubura. Da allura ta biyu ta gaza, shi zai shiga ba tare da an ba ta maganin wanke ciki ba, yana hura iska kaɗan-kaɗan, ya zuƙe wadda ta taru ya bar roba a ciki. Tiyata ita ce ta ƙarshe, ga wanda hanjinsa ya huje ko ya mutu ko komai ya gaza. Ba a kai ga ko ɗaya ba.

Wannan karon aka fara ba ta garin foliyetilin gilaikol a ruwa kullum. Yana jawo ruwa cikin hanji kamar laktulos, amma ƙwayoyin hanji ba sa cin sa su mai da shi iska, kuma an nuna yana rage dawowar ciwon bayan ciki ya saki.

Rana ta 9 zuwa mako na 6

Rana ta 9 ruwa da koko mara kauri, rana ta 10 abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, ana auna fotasiyam kullum. Sikam 6.5 a hoton ƙarshe. Aka sallame ta rana ta 12 da enalafiril da garin na mako ɗaya, aka ce kada ta sha tiramadol ko kodin ko jiƙon wanke ciki, kuma in ciki ya sake tashi, ko zazzaɓi, ko amai, ta dawo ko da dare ne. A mako na 6 tana bayan gida kullum, ɗinki ya warke, jini 125/80, aka janye maganin hawan jini.

Hukunci

Jinkirin farko daga tambaya ya faro. Mai ciwon Ogilvie na iya fitar da ɗan bayan gida mai ruwa, hanjinsa kuma na ƙugi, don haka waɗannan biyun ba sa wanke mai jegon da cikinta ke ƙaruwa. Tambayar da ta dace ita ce yaushe ta fitar da iska, nawa ne ya fita, kuma a yi ta bayan an sallami surukai daga ɗakin, ta bakin mace mai jin Hausa. Tef da alamar biro tun rana ta 2, da eksire ɗaya a rana ta 3, da sun nuna ciwon kwana guda kafin amai. Buscopan da laktulos da filasko duk sun ƙara wa wutar itace, kuma biyu daga cikinsu a asibiti aka bayar.

Ƙin sake buɗe ta a rana ta 4 daidai ne, kuma sitisikan ne ya ba da ƙarfin gwiwar ƙin. Inda babu shi, ana iya ɗura ruwan rini mai narkewa ta dubura a ɗauki eksire a ga ko hanya a buɗe take. Ba a amfani da bariyam, don in hanji ya huje ya zuba a ciki ɓarnarsa babba ce.

Jiran awa 48 shi ne abin da za a iya ja a kansa. Ƙa'idar gwada hutar da hanji na awa 48 zuwa 72 tana nan, amma an ƙirga daga isowarta, alhali cikin ya fara tashi tun rana ta 2. Da aka yi allurar, kumburin na kwana na biyar, sikam saura rabin santimita ta kai 12, zafin dama na ƙaruwa. A ganinmu, da fotasiyam ya kai 3.5 a daren rana ta 5 ya kamata a yi niyostigmin, tunda awa 24 sun wuce sikam ba ta ragu ko kaɗan ba. Masu jego matasa ne masu ƙarfi, jikinsu kan ɓoye alamun hujewa har sai abu ya yi nisa, kuma zafin ɗinki na rufe zafin sikam.

Dawowar rana ta 8 ita ce mafi sauƙin kaucewa: gwajin fotasiyam washegarin allura, fara foliyetilin gilaikol tun ran da ciki ya saki, da nas ɗaya a ƙofa ranar suna tana duba kuloli. An rubuta sunan ciwon da manyan baƙaƙe a katin sallamarta, tare da umarnin cewa in za a sake yi mata aiki a taƙaita fentazosin da danginsa, a auna fotasiyam tun rana ta farko, a ɗauki hoto da zarar tef ya nuna ciki na ƙaruwa.